Kai da Ke Son Zama Sufeton Gobara

Ka ce in faɗa maka wace takarda ake nema kafin mutum ya zama sufeton gobara, da kuma abin da yake dubawa in ya shiga gini. Halinku ke nan yaran yanzu, ko naɗe tiyo ba ku iya ba kun fara hangen kujera. To, zauna.

Takarda dai ana nemanta. Da sakandare ma akan ɗauki mutum aikin kwana-kwana, amma mai son duba gine-gine gara ya riƙe difloma a fannin lantarki ko gini, ga kwalejin Poli nan a Tudun Wadan Kaduna. Sai horon aiki, in da rabonka a tura ka kwalejin 'yan kwana-kwana ta tarayya da ke Sheda, wajen Abuja. Ka san dokar kashe gobara ta 1963, ka karanta kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, ka iya karanta zanen gini irin wanda ake kai wa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. A nan aikin na jiha ne da tarayya, ba na ƙaramar hukuma ba. Batun cewa ba a watsa ruwa a kan man da ya kama da wuta kuwa, ba zan ɓata yawuna ba, ko mai tuyar ƙosai ta sani.

Amma duk takardun nan ina da su ranar da wani Alhaji ya yi mini sakiyar da ba ruwa. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa. Bene ne da shi a cikin gari, ƙasa masu yadi da katifa, sama teloli. Aka rubuta masa ranar da zan zo, kamar yadda aka saba. Na je na tarar da abin sha'awa: kowane lungu ga tulun kashe gobara ja wur a rataye, allurarsa a kan kore. Matakalar baya an share ta tas, ƙofarta waje take buɗewa. Janareta na can ɗakinsa daban. Da zan tafi ya miƙo ambulan, na ce ya riƙe abinsa, ni ban taɓa cin na kowa ba. Na sa hannu.

Hunturu na shigowa, wani dare aka dawo da wuta da ƙarfi, wani shago ya kama. Muka isa, me zan gani? Bango fayau, sai ƙusoshi. Ashe hayar tulunan ya yi na yini guda daga wani mai sayar da su, ina juya baya aka kwashe. Matakalar bayan nan ya sa an kewaye ta da filawud, ya ba mai soson katifa haya, ƙofar kuma an datse ta da kwaɗo. Ƙarƙashin matakalar gaba jarkokin fetur ne. Ka san yadda soso ke ci? Baƙin hayaƙinsa ke kayar da mutum tun kafin harshen wuta ya iso gare shi. Teloli masu aikin dare suka rasa ta inda za su sauko, sai da muka ɓalle ƙarfen taga. Wani yaro bai iya jiran tsani ba, ya diro ya karye. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, amma jarin mutane ya ƙone ƙurmus.

Zanen aro ba ya rufe katara, haka ake cewa, amma nasa ya rufe, tawa ce ta fito fili. Da aka zauna bincike mutumin nan ya zaro takardata ya ajiye a kan tebur, ya ce ai hukuma ta duba ta ce lafiya. Bai tsaya nan ba, ya bi 'yan kasuwa yana raɗa musu wai sai da ya sallame ni kafin na sa hannu. Ni! Ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, yaran da na koya wa riƙe bakin tiyo suka zama ni ke sara musu. Shi kuwa ya sake gininsa har da ƙarin hawa. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya miƙo hannu yana murmushi. Ina karɓa don Allah, amma ban yafe ba.

Don haka in ka ga tulu a bango, kada jan fentinsa ya ruɗe ka. Sauke shi. Wanda ya daɗe a wurin yakan bar inuwarsa a jikin bango, na aro kuwa za ka ga garin siminti sabo a ƙasan ƙusa. Rubuta lambar jikinsa a littafinka, ka sa masa alamarka da kwanan wata. Na hoda ka kifa shi ka kasa kunne, in ba ka ji tana zubowa ba ta daskare. Na iskar kabon ba shi da allura, sikeli kaɗai ke faɗa maka ko ya zurare. Sannan ka kira maigadi, ba mai gida ba, ka ce ya nuna maka yadda ake zare fil. In ya tsaya yana kallonka, ka samu amsarka.

Lantarki kuma da rana tsaka ake duba shi, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ɗora bayan hannunka a murfin akwatin fis ka ji ko ya ɗau zafi, ka shinshina ko akwai ƙaurin roba. Wayar 1.5 ta ƙwan fitila ce, 2.5 ta soket, amma za ka tarar an ɗora wa 1.5 na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga biyu saboda mai wayarin ya ci ragowar kuɗin. Sau nawa muka tono asalin gobarar kasuwa muka tarar da irin wannan? Kai ma ka ji yadda kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ci a 2016, wurin da shago ke manne da shago motarmu ma ba ta samun hanya.

Wayar nan da kuke wuni kuna latsawa, ita ce abu guda da kuka fi mu. Ɗauki hoton kowace ƙofa da kowane tulu. A rahoto ka rubuta abin da idonka ya gani, a rana kaza da ƙarfe kaza, kada ka rubuta “gini lafiya lau”. Kuma ka koma ba tare da sanarwa ba, ko da mai ginin surukinka ne.

Gobe akwai wasu shagunan katako da zan leƙa a kasuwar Panteka. Ka zo da tocila da littafi, kuma kada ka gaya wa kowa inda za mu.