Amsa ga malamin da ɗalibansa ke cika shafi ba aya ko ɗaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da dare. Ka ce an ba ka aji biyu na ƙaramar sakandare kana koyar da Hausa, yaranka suna cika shafi guda da insha'i babu aya, komai "sai" da "kuma", kana tambaya ko ka sa su haddace rabe-raben jimla. Na daɗe ina riƙe da irin wannan aji, bari in faɗa maka abin da na gani.

Ni ma da hadda na fara. Yarana sun iya rera cewa jimla tana da yankin suna da yankin aiki, sun san aikau da aikatau da karɓau, suna cinye tambayoyin nahawu tas. Amma ranar insha'i sai ka rantse ba su taɓa jin darasin ba. Shekara biyu ina ɗora laifin a kansu, alhali nawa ne.

Yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya riga ya iya jimla a bakinsa. Saurare shi yana ba abokinsa labarin faɗan da aka yi a filin ƙwallo, za ka ji inda yake tsayawa, inda yake jan numfashi, inda yake ɗaga murya. Abin da bai sani ba shi ne wannan tsayawar ita ce aya a takarda. Don haka nakan kira yaro gaban allo ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, in ce kada ya numfasa sai ya ga aya ko waƙafi. Kafin layi na huɗu numfashi ya ƙare, aji ya ɗauki dariya, shi ma yana yi. In ce to, nan da ka tsaya, ɗiga aya. Kada dai ka bari dariyar ta zama ba'a, kuma ka fara da yara masu baki, ba masu kunya ba.

"Sai" kuwa kada ka yaƙe ta. Da ita aka ba su tatsuniya tun suna kan cinya, daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus". Iyaka nakan sa mata. Nakan rubuta a allo: "Sai na tashi sai na yi wanka sai na sha koko sai na tafi makaranta sai na tarar an rufe ƙofa." Sannan mu gyara tare: "Da na tashi, na yi wanka na sha koko, na kama hanya. Ko da na isa, an rufe ƙofa." Sai in tambaye su wanne ya fi daɗin ji, su ne da kansu za su zaɓa. Daga nan suke gane amfanin "da", "bayan", "kafin", "saboda", "ko da yake". Sai bayan sun yi ta haɗawa da rabawa da hannunsu nake faɗa musu sunan abin, cewa wannan sassauƙar jimla ce, waccan harɗaɗɗiya.

Inda na fi daɗewa shi ne "sun" da "suka", domin nan labari yake rushewa. "Ɓarayi sun shiga gidan" sanarwa ce, an faɗa an gama. "Ɓarayi suka shiga gidan" kuwa mai sauraro yana jiran abin da ya biyo baya. Yaro yakan fara da "suka", tsakiyar labari ya koma "sun", ya sake dawowa, mai karatu ya rasa inda yake. Haka kuma wurin da aka ajiye kalma. Rubuta musu waɗannan uku: "Audu ya fasa tulu." "Audu ne ya fasa tulu." "Tulu Audu ya fasa." Tambaye su wacce za su faɗa idan Inna ta zargi wani daban, wacce kuma idan ta ɗauka randa aka fasa. Duk sun san amsa. Salo kenan a matakinsu: zaɓen jimlar da ta dace da abin da ake nufi. Ka ƙara musu da amsa-kama, irin su baƙi ƙirin, ja wur, shiru tsit, ka ga yadda insha'in siffantawa zai tashi.

Akwai wata cuta da ke zuwa daga darussan da ake yi da Turanci. Za ka ga "An kama ɓarawo ta hannun 'yan sanda." Tambayata ɗaya ce: haka kakarka za ta faɗa? Nan take yaro zai ce, "'Yan sanda sun kama ɓarawo." Waya kuma ta kawo tata, "yana" ta zama "ya na", "gidansu" ta rabu biyu, "shi ne" ta haɗe, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta ɓace. Wannan kam, minti biyar na shifta a farkon darasi yana rage shi.

Batun maki, na san ajinka ba zai rasa yara sittin ba, ka daina jan biro a kan kowane kuskure. Mako guda ka duba aya kawai, mako na gaba "sun" da "suka". Sakin layi ɗaya mai jimla biyar ya ishe su a zangon farko. Kada tsoron jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku ya sa ka tura su rubuta shafi biyu yanzu, kana da fiye da shekara a gabanka.

Gobe in Allah ya kai mu ka gwada karatun nan da ƙarfi da yara uku kawai, ka dawo ka gaya mana a layi na nawa numfashinsu ya ƙare. Allah ya taimaka, ya sa albarka a aikin.