Yaro Ya Ji Wa 'Yata Rauni: Wa Zai Biya?

Tambaya: Lauya, ɗan maƙwabcinmu mai shekara 9 ya taho a guje kan keke, ya banke 'yata, hannunta ya karye. Uban ya ce ƙaddara ce. Zan iya kai ƙarar yaron? Daga wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Za ki iya neman diyya a babbar kotu, waliyyin yaron ya tsaya masa. Amma alƙali ba zai auna shi da mudun manya ba. Tambayarsa ɗaya: tsaransa mai hankali zai hango wannan haɗarin? Kuma ko kin yi nasara, yaro me ya mallaka?

Haihuwa kaɗai ba ta ɗora wa uba biya, sai in sakacin nasa ne, misali ya san birkin keken ya mutu, ya bar shi ya hau titi. Nan za ki fi samun makama.

A kotun shari'ar Musulunci kuwa, Malikiyya na ɗaukar gangancin yaro kamar kuskure, babu ƙisasi. Diyyar raunin in ta kai sulusin cikakkiyar diyya, dangin uban yaron ke haɗawa. In ba ta kai ba, daga dukiyar yaron.

Ki adana rasit ɗin asibiti da hoton ƙashi, ki riƙe shaidu, sannan ki fara da sulhu gaban mai unguwa.