Sarƙe-haƙora a lambu da garke: amsoshin tambayoyinku

Wani mai noman rani daga Bukuru ya ce ƙusa ta soke shi ta cikin silifas yana baza takin bola a lambun kabeji. Ƙusar ba ta da tsatsa, jinin ma ɗan kaɗan ne. Yana tambaya ko lallai sai ya yi allura.

Malam, ka je asibiti yau, kada ka bari sai gobe. Tsatsa ba ta haifar da sarƙe-haƙora, wato tetanus. Ƙwayar cutar, mai suna Clostridium tetani, a ƙasa take da cikin kashin dabbobi, kuma ba ta iya yaɗuwa inda iska ke ratsawa. In ta rasa wurin zama sai ta dunƙule cikin wani kwanso mai tauri. A madubin likita sai ka gan ta kamar tsinken ashana da kansa. A haka take shekara da shekaru, yadda irin ciyawa ke kwana a ƙasa duk rani yana jiran ruwan fari. Rana ba ta cika kashe ta ba, tafasawa ta 'yan mintoci ma ba tabbas, shi ya sa a asibiti ake turara kayan aiki a zafin digiri 121.

To, ƙusar nan ta tura ƙasa can cikin nama, bakin raunin ya rufe, iska ba ta shiga. Abin da ƙwayar take nema ke nan. Sai ta farka ta riƙa fitar da dafi mai bin jijiya har laka, ya hana tsoka sakewa. Tsakanin kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare. Ka wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai tsabta. Don Allah a daina zuba baƙin mai, toka ko ƙasa a rauni. Abin nan yana ci mini rai, domin cutar ake ƙara cusawa da hannu. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya yaushe rabonka da rigakafi. Mai aikin ƙasa ya kamata ya sabunta ta duk shekara 10, kuma wanda ya taɓa yin ciwon ya warke bai tsira daga sake kamuwa ba.

Wata Hajiya mai kiwo a Rikkos ta ce an fiɗiye mata bunsuru biyu da reza, bayan kwana tara ɗaya ya sandare, kunnuwa a miƙe, ko tafi aka yi sai ya zabura.

Hajiya, alamun sun yi kama da sarƙe-haƙora ƙwarai. A kira likitan dabbobi maza, a sa bunsurun a ɗaki mai duhu da babu hayaniya, a duba ɗan'uwan ma. Gaskiya wanda ya riga ya kwanta da wuya ya tashi. Nan gaba a yi dandaƙa da abin matsewa wanda ba ya yanka fata, ko a fara ba da allurar kariya, kuma a kan wuri mai tsabta, nesa da turke. Cibiyar jariran awaki a shafa mata aidin. Doki da jaki sun fi kowa saurin kamuwa. Kaji kuwa da wuya.

Wani daga Barikin Ladi ya tambaya ko a feɗe saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci.

Kul! Yana iya zama ciwon saifa, wato anthrax, wanda aka tabbatar da ɓullarsa kusa da Suleja a 2023. Ita ƙwayar wannan ciwon, iska ce ke sa ta yin kwanso, don haka wuƙa na shiga ka shuka ta a filinka na shekaru masu yawa. A sanar da jami'in dabbobi, a ƙone mushen ko a binne shi da zurfi. Rigakafin ciwon saifa da na harbin daji, wata cutar shanu, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin su. A yi wa garke kafin damina.