Kada ka sayar da laftof ɗin nan tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce laftof ɗinka Core i5 ce mai ram 4GB (ram shi ne wurin da kwamfuta take riƙe aikin da take yi a lokacin), da zarar ka jera kayan kiɗa kamar goma a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, sai sauti ya fara tsinkewa yana tas-tas, muryar da kake ɗauka kuma tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Ka ɗan tara kuɗi, kana tambaya ko sabuwar kwamfuta za ka saya ko babban makirfo. Ni dai a ganina kada ka sayi ko ɗaya yanzu. Cuta biyu ka kawo, kowace da maganinta, kuma abubuwan nan biyu da ka sa wa ido ba lalle su warkar da ko guda ba. Shekara tara ke nan ina wannan aiki a ɗakin zauren gidanmu a Kano, na kashe kuɗi inda bai kamata ba, ba na so kai ma ka bi ta nan.

Mu fara da tas-tas ɗin. Ka buɗe waƙar da ta fi ba ka wahala, ka kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba abin da kwamfutar ke ciki. In ka ga ram ya kusa cika, had dis kuma yana tsaye a ɗari bisa ɗari, to ka kama ɓarawon. Windows shi kaɗai yana lashe fiye da rabin 4GB ɗin nan. In wuri ya ƙare masa sai ya riƙa sauke kaya a kan had dis, shi kuwa had dis irin na da faifai ne yake juyawa a ciki, ba ya wuce kusan 100MB a daƙiƙa, alhali SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, ko da mai araha ce tana kai 500MB. Lokacin da tawa ta yi irin wannan, har na yi ciniki da wani zan sayar masa, sai wani mai gyara ya ce in bari ya buɗe ta. A gabana ya kwance ta. Abin da ya zaro daga bakin fankar kamar tsumman auduga, ƙurar hunturu ce ta shekara uku ta dunƙule ta toshe mafitar iska gaba ɗaya. Man da ake shafa wa furosesa, wato injin lissafin kwamfutar, don ya sha zafi ya bushe ya zama kamar alli. Ya hure ta, ya shafa sabo, ya sa SSD mai 256GB, ya mayar da ram 8GB. Da wannan laftof ɗin na ƙara shekara biyu ina aiki. Mutane suna manta cewa furosesa in ta ji zafi ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin garinmu yana haura digiri 40. Shi ya sa waƙar da ta tafi lafiya da asuba sai ta ƙi tafiya bayan azahar.

Amma gaskiya ɗaya ce: SSD ba ta ƙara wa furosesa ƙarfi. Saurin buɗe abu take kawowa da saurin ɗauko sautuka. Ragowar tas-tas ɗin yawanci daga saiti yake, kuma gyaransa kyauta ne. Ka danna F10 ka shiga wajen saitin sauti, ka tabbata direban da ka zaɓa, wato manhajar da ke kai sauti, mai ASIO ne, irin wanda yake rage jinkiri, sannan ka duba girman bafa. Bafa ɗan kwano ne da kwamfuta take cikawa da sauti kafin ta miƙa wa kunnenka. A daƙiƙa ɗaya gutsuren sauti 44,100 take sarrafawa. In kwanon na 128 ne, cikin kusan milisakan 3 dole ta cika shi, in ta makara shi ne ka ji tas. In na 1024 ne tana da milisakan 23, ta samu sarari, sai dai mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya a hedifon, ya kasa hawa kiɗa. Don haka lokacin ɗaukar murya ka sauko 128 ko 256, ka kashe filogin masu nauyi (ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikin FL Studio), lokacin miksin, wato daidaita sautukan, ka haura 1024. Ka bar caja a jiki, ka sa Windows a kan cikakken ƙarfi ba tattalin batir ba. Kada ka ɗora wa kowane layi nasa ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, ka yi guda ɗaya a layi na daban kowa ya sha daga nan. Kiɗan da ka gama da shi, musamman in daga filogin Kontakt ko Omnisphere yake, ka mayar da shi fayil ɗin sauti na WAV ka kashe filogin ɗin. Ka yi waɗannan kwana uku ka gani kafin ka taɓa aljihunka.

In ka yi duk wannan ba ta daina ba, to an zo wajen canji, kuma a nan ne ake cutar mutane da suna. Mai shago zai ce maka ai wannan Core i7 ce. Ka ce ya nuna maka cikakkiyar lambar. i7-7500U ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5-8250U kuwa huɗu, ita ce ma ta fi dacewa da aikinmu duk da sunanta ƙarami ne. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin (daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyun farko ne), kada ka sauko ƙasa da na 8. Akwai dalili na biyu: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 yake farawa. A cikin 'yan gwanjo, irin su ThinkPad T480, Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 suna da ƙwari kuma ana iya ƙara musu ram zuwa 16GB. Wasu sirara masu kyan gani ram ɗinsu a like yake, yadda ka saya haka za ka mutu da shi, don haka ka tambaya kafin ka biya. Ka tafi da filashi ɗauke da manhajar LatencyMon, kyauta ce, ka bar ta ta yi minti goma a gaban mai shagon, za ta gaya maka ko injin zai iya aikin sauti. MacBook Air mai M1 ta 2020 ba ta da fanka sam, shiru take, batirinta yana daɗewa, FL Studio ma yana hawa Mac tun fitowar na 20 a 2018. Sai dai ita ma ba a ƙara mata ram, kuma gyaranta a nan da tsada. Kwamfutar tebur ta fi ba ka ƙarfi a kuɗi kaɗan, amma ana ɗauke wuta ta mutu da aikinka, sai in kana da inbata.

Yanzu muryar rijiya. Ban ga ka ambaci sawun-kad ba, wato ɗan akwatin da ake jonawa tsakanin makirfo da kwamfuta, ina zaton makirfon kai tsaye kake soka shi a jikin laftof. In haka ne, kuɗin da ka tara nan ya kamata su fara zuwa. Ramin jikin laftof don kiran waya aka yi shi, ba don waƙa ba. Sawun-kad yana ɗaga muryar da tsabta, yana ba makirfo kondensa, irin mai saurin kama sauti, wutar 48V da yake bukata, yana zuwa da direbansa na ASIO, kuma yana da maɓallin da mawaƙi zai ji kansa nan take ba jinkiri. Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD duk za su yi maka. Na ambaci masu ƙofa biyu da gangan, saboda aikinmu ba na mutum ɗaya ba ne. Ran da za ka ɗauki mawaƙi da mai kalangu tare, ko ka jona fiyanon Yamaha hagu da dama, za ka gode wa Allah da ba ka sayi mai ƙofa ɗaya ba. Ka ɗauka a 24-bit, ka bar ƙarar tana yawo wajen -12 a ma'aunin ƙara, kada ta taɓa ja. Muryar da ta fashe wajen ɗauka babu filogin ɗin da zai ɗinke ta.

Rijiyar kanta kuwa ɗakinka ce. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ziii ya biyo baya, shi ne abin da makirfo yake kwasa tare da muryar. Bangon siminti da tayil da silin suna jefa sauti tsakaninsu, makirfo mai tsada kuma ƙara jin su zai yi. Ni kaina da na fara, kondensa babba na saya da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Daren farko na sa hedifon, abin da na ji shi ne fankar sama, da adaidaita sahu a titi, da injin markaɗen maƙwabta, da carar zakara daga cikin gida, duk tsaf. Wata shida sai bayan ƙarfe sha ɗaya na dare nake iya ɗaukar murya, mawaƙa mata kuwa ba mai zuwa a wannan lokacin. Da na koma makirfo dainamik, mai ƙarancin kwasar sautin nesa, irin Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, mawaƙi ya matso kusa da shi, sai hayaniyar unguwa ta ja baya na koma aiki da rana. Kondensa irin AT2020 ko Rode NT1 suna da daɗi ƙwarai, amma sai ɗakin da ya yi shiru. Kalangu da kotso ma dainamik ya fi ɗaukar dukansu ba tare da sautin ya fashe ba. Ka yi hattara da jabu, don irin waɗannan sanannun makirfo an fi kwaikwayonsu, in ka ji farashin ya yi sauƙi da yawa ka ajiye.

Don Allah kada ka lika kwalin ƙwai a bango. Na ga ɗakuna da yawa an yi musu haka, ba ya tare komai sai tara ƙura da kyankyaso, ga haɗarin gobara. Sauti mai kauri dogon zango gare shi, na 100Hz ya haura mita uku, kwali siriri ba zai iya da shi ba. Abin da yake aiki shi ne abu mai kauri da laushi. Ka jingina tsohuwar katifa a bayan mawaƙi, don daga bayansa ne amsa-kuwwa take shiga bakin makirfo. Ka shimfiɗa darduma, ka rataya bargo mai nauyi ka bar ɗan fili tsakaninsa da bango, ka sa labule a taga. In hali ya samu ka sa kafinta ya buga maka firam ka cusa audugar gini ka rufe da yadi. Kada mawaƙi ya tsaya a kusurwa ko a tsakiyar ɗaki cif, kuma tsakanin bakinsa da makirfo kamar taƙi ɗaya, da 'yar rariyar tare iska a tsakani. 'Yan amshi su ɗan ja baya fiye da haka.

Akwai abin da bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba, wato wuta. In kana jin wani huuu a ƙarƙashin sauti, ka zare cajar laftof. In ya ɗauke, to wutar gidan ce, wadda take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, take shigo maka. Ka jona duk kayan situdiyo a soket ɗaya, ka sa mai gyaran wuta ya duba ko gidan yana da wayar ƙasa, ka yi amfani da wayoyin XLR ko TRS. In ya ƙi, ka ɗauki murya a kan batir. Ƙaramin janareta ba abokin sifika ba ne. Ni sifikata ɗaya ta ƙone ne ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi ina tsakar gida, na shigo na tarar da ƙauri. Tun daga ranar komai nawa ta sitabilaiza yake bi, kuma ana ɗauke wuta nake kashe soket. In za ka sayi inbata ka nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta, wadda masu sayarwa suke kira piyo sain. Sifiku su ne na ƙarshe wajen kunnawa, na farko wajen kashewa.

Su sifikun situdiyo, irin Yamaha HS5 ko KRK, ka bar su sai gaba. A ɗakin da ba a gyara ba ƙarya za su yi maka. Hedifon rufaffe mai kyau kamar ATH-M40x ko Sony MDR-7506 ya ishe ka ɗauka da miksin a yanzu. In ka gama waƙa ka saurare ta a waya, da 'yar sifikar bulutut, da cikin mota, don a nan jama'armu za su ji ta. In baitin ya fito ana jin kowace kalma a sifikar waya, aiki ya yi. Waƙar Hausa magana ce, kiɗa bai kamata ya danne ta ba.

Ka ware wani abu ka sayi had dis na waje. Na taɓa rasa waƙar biki kwana biyu kafin kamu saboda faifan ya mutu, sai da na kira mawaƙin da 'yan amshi muka sake daga farko, kuɗin motarsu daga aljihuna. Filogin na sata kuma su ne rabin daskarewar kwamfutocinmu, ga hakkin mutane. FL Studio in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada, Reaper, wata manhajar irin tata, dala 60 ne, filogin Vital da TDR Nova kyauta suke kuma suna aiki sosai.

Da kuɗin nan a hannuna suke, wankin laftof da SSD da ram zan fara yi, sai sawun-kad mai ƙofa biyu, sai hedifon, abin da ya rage in sa a bargo da katifa da sitabilaiza. Ka juya laftof ɗin ka turo min lambar da ke ƙasanta da cikakkiyar lambar furosesar, da sunan makirfon da kake amfani da shi yanzu. Da su zan gane ko ram irin DDR3L take ci ko DDR4, da iyakar ram ɗin da za ta iya ɗauka, kada ka je kasuwa a ba ka wanda ba zai shiga ba.