Amsa ga Malama: kwamfutocin da malaman lissafi suka ƙi taɓawa

Wa'alaikumus salam Malama. Kin ce an kawo muku kwamfutoci goma da majigi, amma malaman lissafi na JSS sun ƙi kusantar su, kina neman dabara. Shekarata 14 ina koyar da lissafi a wata makaranta a Tudun Wada, kuma da farko ina cikin masu gudun.

Galibi tsoro ne ke hana mu. Malamin da ya saba riƙe yara tamanin da alli ɗaya ba zai so ya tsaya gabansu yana laluben maɓalli, ɗan shekara 12 na yi masa gyara ba. An taɓa tara mu bita ta kwana uku a kan Word da Excel, muka dawo ba wanda ya san me zai yi da su a darasin kusurwa ranar Litinin.

Ni abokin aikina ne ya juyo da ni. Lokacin tara ya tura mini GeoGebra, wata manhajar lissafi, ta Xender. Kyauta ce, in ta sauka a waya kuma ba ta bukatar data. Ya zana alwatika, ya ce in ja kusurwa ɗaya da yatsa. Siffar na ta canzawa, jimlar kusurwoyin uku tana nan daram a digiri 180. Shekara da shekaru ina rubuta wannan a allo, yara na haddacewa kawai. Washegari na zagaya aji layi-layi da wayata. Wata yarinya ta ce, “Malam, ko an matse ta sosai?” Na ce ta matse da kanta. Ta matse har alwatikar ta kusa zama layi, sai na ji ta ce, “Wallahi ba ta canza ba!” Har yau ina tuna muryarta.

Don haka kada ki ce su koyi kwamfuta gaba ɗaya. Kowa ya zaɓi darasi ɗaya da yaransa ke faɗuwa a kai, ya gwada shi a ofishin malamai gaban ɗan'uwansa, inda kuskure ba abin kunya ba ne. Mai JSS 2 ya zana y = 2x + 1, ya mai da 2 ta koma 3, yara su ga layin ya ƙara miƙewa tsaye.

Maganar wuta kuwa, kin san halin da muke ciki. A shirya darasi kamar ba za a kawo ba: a yi caji tun dare, a ajiye zane a kwali. Makullin ɗakin kuma, don Allah, ya zauna hannun malami. Namu ya shekara a aljihun wanda ba ya shiga aji, ƙura ta cinye kwamfutoci uku.

Kada kuma a bar rula da kamfas, tunda BECE, jarrabawar kammala JSS 3, a takarda ake rubuta ta. Ni minti goma nake ba waya, sauran lokacin kowa ya zana nasa a littafi.