Tambaya da Amsa: Amanar Majinyaci a Hannun Ma'aikacin Jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar jinya ce a shekarar ƙarshe. Idan likita ya rubuta magani a katin majinyaci, na duba na ga kamar adadin ya yi yawa, sai babbar sista ta ce in bayar kawai tunda likita ya fi ni sani, yaya zan yi?
— Wata ɗalibar jinya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, kada ki bayar sai zuciyarki ta natsu da hujja. Likita ne ya rubuta, mai haɗa magani ne ya fitar, amma hannunki ne na ƙarshe kafin maganin ya shiga jikin mutum, kuma abin da ya riga ya shiga jijiya ba ya janyuwa. Kundin ɗa'ar aiki na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda aka fara amincewa da shi a 1953 aka sabunta a 2021, ya ɗora babban nauyin ma'aikacin jinya a kan mutumin da ke buƙatar kulawa. Saboda haka "cewa aka yi in bayar" ba ta wanke wanda ya bayar, ba ta kuma wanke sistar da ke kula da aikinki.

Ki ajiye sirinjin tukuna. Ki sake karanta rubutun a tsanake, ki tabbatar da abubuwa biyar ɗin da aka koya muku: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar da za a ba shi, da lokacinsa. Sannan ki yi lissafin da kanki. Yara da nauyinsu ake auna musu magani. Farasitamol, alal misali, miligiram 15 ne a kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150, idan kuma na ruwa ne mai miligiram 120 a cikin mililita 5, zai zama mililita 6.25. In kika ga an rubuta abin da ya ninka haka, akwai magana.

Yawancin irin wannan kuskure daga rubutu yake tasowa. An rubuta 1.0, ɗigon bai fito ba, sai a karanta 10. An rubuta .5 babu sifiri a gaba, sai a karanta 5. A insulin kuma, harafin U da wasu ke taƙaita ma'auninsa da shi yakan yi kama da sifiri, 4 ta koma 40, sukarin majinyaci ya faɗi warwas. Akwai magungunan da ko an rubuta su daidai sai mutum biyu sun duba: insulin, hefarin (mai hana jini daskarewa), mofin (mai kashe raɗaɗi mai tsanani), da fotasiyam kulorayid mai kauri. Shi wannan na ƙarshe ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya da sirinji, domin yana tsayar da zuciya nan take. Sai an tsarma shi cikin ledar ƙarin ruwa, an jujjuya ledar sosai, ya shiga a hankali. Haka magniziyam salfet da ake ba mai jijjigar ciki: kafin a ƙara mata wani, sai an tabbatar numfashinta bai gaza 16 a minti ba, gwiwarta tana zabura idan an ƙwanƙwasa, fitsarinta kuma ya kai mililita 30 a awa, sannan kalsiyam gulukonet yana kusa don karya shi.

Bayan lissafi sai ki nemi wanda ya rubuta. Kada ki ce masa "kamar ya yi yawa". Ki ce: "Likita, an rubuta wa yaron nan miligiram kaza, nauyinsa kilo kaza ne, lissafina ya ba ni kaza, don Allah a tabbatar min." In ta waya ya gyara, ki rubuta abin da ya faɗa, ki maimaita masa da baki, ya amsa, daga baya ya zo ya sa hannu. In ya dage ke kuma ba ki gamsu ba, ki kai maganar ga mai haɗa magani ko likitan da ke gaba da shi, ki rubuta lokaci da wanda kika yi wa magana.

Zai iya yiwuwa likitan ne ke da gaskiya. Wasu cututtuka, kamar sanƙarau, da gangan ake ba su adadin da ya fi na yau da kullum. In haka ne, 'yan mintuna kika rasa, kin kuma ƙaru da ilimi.

Tambaya: Na ga abokiyar aikina ta ba wani majinyaci maganin na gadon kusa da shi. Babu abin da ya same shi, ta roƙe ni in rufa mata asiri. In na kai rahoto ban ci amanarta ba?
— Wani ma'aikacin jinya

Amsa: Malam, amanar da ke wuyanka tun farko ta wanda ke kwance ce. Kuma kada ka yi saurin cewa babu abin da ya same shi. Wasu magunguna sai bayan awanni suke nuna aikinsu, likitan da bai san an sha su ba kuwa zai yi ta neman dalilin faɗuwar hawan jini ko yawan barci a inda ba nan yake ba. Ga kuma na gadon kusa, wanda katinsa ke nuna ya sha magani alhali bai sha ba. Mutum biyu ke nan kuskure ɗaya ya shafa.

Abin yi a jere yake. A auna bugun jini, numfashi, zafin jiki da hawan jinin wanda ya sha, a duba ko yana da tarihin jikinsa na ƙin wannan magani. A sanar da likita da shugabar sashe nan take. A rubuta a kati abin da aka bayar, adadinsa da lokacinsa, ba tare da kare kai ko zargin wani ba. Ba a gogewa, ba a yage shafi; in an yi kuskuren rubutu a ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, a sa hannu da kwanan wata. Takardar rahoton kuskure daban ake cike ta. Shi ma majinyacin yana da haƙƙin a faɗa masa abin da ya faru da abin da ake yi a kai.

Ka fara ba ta dama ta kai rahoton da kanta, ka ce za ka raka ta. In ta ƙi, sai ka kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a yayin da ake kula da shi, fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata, kuma magunguna ne ke da kaso mafi girma a ciki. Shi ya sa a 2017 ta ƙaddamar da shiri na musamman kan rage illar kuskuren magani, a 2019 kuma aka ware 17 ga Satumba ta zama ranar kare lafiyar majinyata ta duniya. Abin da bincike ya sha nunawa shi ne kuskure ba kasafai yake zama na mutum ɗaya ba. Sunaye biyu masu kama da juna a gadaje maƙwabta, kwalabe masu launi iri ɗaya a aljihun teburi ɗaya, katse mai rabon magani da tambayoyi, dogayen awannin aiki babu hutu. Ba za a gano waɗannan ba sai ana kai rahoto, har da na kuskuren da aka tare kafin ya isa ga majinyaci. A nan shugabanni ma suna da laifi: sashen da ake tozarta duk wanda ya faɗi gaskiya, takardun rahotonsa za su zauna fayau, kuskuren kuma yana nan yana maimaituwa. Akwai bambanci tsakanin kuskure da ganganci. Ɓoyewa ita ce ke mayar da na farko ya koma laifin da ake hukunci a kansa.

Tambaya: Ƙanwata tana kwance, ni ke ɗaukar nauyin jinyarta, amma nas ta ƙi faɗa min sakamakon gwajinta. Wannan ba wulaƙanci ba ne?
— Wani mai jinya

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maka da alheri. Sai dai nas ɗin daidai ta yi. Matuƙar ƙanwarka baliga ce kuma tana cikin hayyacinta, bayanin ciwonta nata ne, ɗaukar nauyi ba ya mayar da shi na wani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye ta. In ta yarda, ta faɗa wa ma'aikatan da bakinta, a rubuta, sai a zaunar da ku tare a yi bayani. Ana buɗe sirrin majinyaci ba da izininsa ba a wurare ƙalilan: idan ƙaramin yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, sai a yi magana da wakilinsa, idan cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukumomin lafiya, kamar kwalara ko shan inna, ko idan kotu ta ba da umarni. Ko a nan ma, iya abin da ake buƙata ake faɗa, ga wanda ya dace kaɗai.

Su ma ma'aikata su ji: ɗaukar hoton rauni ko katin majinyaci a tura WhatsApp ko Facebook tona asiri ne, ko da an rufe fuska. Lambar gado, zane a fata ko kwanan wata sun isa a gane mutum.

Tambaya: In na sa safar hannu, dole sai na wanke hannu kuma?
— Wata sabuwar nas

Amsa: Dole, kafin sakawa da bayan cirewa. Safa tana da ƙananan hujoji da ido ba ya gani, hannu kuma yana gurɓata wajen cire ta. Mafi muni shi ne zagaya gadaje da safa ɗaya: ke kin tsira, su kin raba musu ƙwayoyin cuta. Lokutan tsaftace hannu biyar ne: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsafta kamar allura ko wankin rauni, bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa shi, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Sinadarin goge hannu daƙiƙa 20 zuwa 30. In hannu ya ɓaci a fili, ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60.

Tambaya: Wane mataki ne ya fi haɗari a ƙarin jini?
— Wani ɗalibin jinya

Amsa: Tantance mai karɓa. Mummunan rikicin ƙarin jini yawanci daga ba wani jinin wani yake zuwa, ko dai an liƙa suna a kwalbar gwaji nesa da gadon wanda aka ɗiba, ko an rataya leda ba a duba ba. Ma'aikata biyu za su tsaya a bakin gado, majinyaci ya faɗi cikakken sunansa da kansa, a gwada da abin da ke ɗaure a hannunsa, da takardar ɗakin gwaji, da ledar: rukunin jini, lambarta da ranar ƙarewar wa'adinta. Kada a tambaye shi "kai ne wane?", domin mai jin jiki yakan amsa kowane suna.

A fara cikin minti 30 da fitowar jinin daga firji, a gama cikin awa 4. Ba a zuba magani a ledar, ba a haɗa shi a layi ɗaya da kowane ruwa sai ruwan gishiri na kashi 0.9. A auna majinyaci kafin farawa, a fara a hankali, a zauna kusa da shi minti 15 na farko, a sake aunawa. In ya fara rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya ko ƙirji, sarƙewar numfashi, ko fitsarinsa ya yi ja, a tsayar da jinin nan take, a canza robar gaba ɗaya a sa ruwan gishiri don jijiyar ta zauna a buɗe, a kira likita, sannan a mayar da ledar da robarta ɗakin gwaji tare da sabon samfurin jini da na fitsari.