Filin Tambaya: Na Sayi Keken Wibin Amma Tsoronshi Nake Ji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya gida ya yara ya sanyi. Don Allah ki taimaka mani. Shekarata huɗu ina ɗinki a cikin gida da keken ɗinkina Butterfly na ƙafa, in na gama kaya sai in ba yaro ya kai shagon wani tela a bakin titi a yi masu wibin, wato a saƙe bakin yadin, wani lokacin har kwana biyu kayan na can ga masu kaya na ta aike, shi ne da na kwashi adashi na sa aka sayo mani keken wibin mai zare huɗu daga Kano. Ranar farko lafiya lau ya yi da zaren da ya zo da shi, washegari zare ɗaya na ƙasa ya tsinke na mayar, to tun daga nan ko taku goma ba ya yi sai ya sake tsinkewa. Kafin nan ma ya cinye mani hannun rigar atamfar ɗiyar maƙwabta sai da na biya. Yau sati ukku yana lulluɓe da zani, maigida na cewa a maida shi kawai. Anti lalatacce aka sayar mani ne ko ni ce ban iya ba?
Maman 'yan biyu, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya 'yan biyu. Ki yaye zanin nan yau, kuma ki ba maigida haƙuri ya ƙara maki sati ɗaya, don keken da ya yi ɗinki lafiya lau ranar farko ba lalatacce ba ne, saka zaren ne ya sha maki kai, kuma kusan duk wadda ta taɓa zama gaban keken wibin nan ta fara cijewa.

Ki cire Butterfly daga ranki in kin zauna gabanshi. Shi wannan ba shi da bobin sam, abin da ke ciki wasu ƙugiyoyi ne guda biyu da teloli ke kira lufa, ta sama da ta ƙasa, su ke saƙa zare a bakin yadi, allura biyu su kama saƙar, wuƙa kuma tana gaba tana datse bakin kafin allura ta iso. Zaren nan huɗu suna giftawa ta jikin juna ne a kan tsari, shi ya sa ba a saka su yadda aka ga dama. Abin da ya faru da ke ga shi: zaren lufa ta ƙasa ya tsinke, kika zura shi alhali zaren allura na nan a jiki, to sai zaren allurar ya rataya a kan lufar ta bayan wanda kika saka, da kin taka feda sai su harɗe ya tsinke, ko sau ɗari kika mayar haka zai yi. Duk lokacin da na ƙasan nan ya tsinke, ki fara zare zaren daga hancin allurai biyun, ki saka na lufa, sannan ki maida na allura. Allura kullum ita ce ƙarshe.

Amma ni shawarata ki cire duka huɗun ki fara daga farko, da rana tsaka inda haske yake sosai, ki kashe soket tukun. Ki ja ƙarfen nan mai rataya zare sama har ƙarshenshi, da yawa suna barinshi rabi sai zare ya riƙa fizga. Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, don a yawancin kekunan sai an ɗaga ta tenshin, wato abin da ke matse zare, ke buɗe baki zare ya shiga tsakiya, ki riƙe zaren da hannu biyu ki danna shi ciki har ki ji ya zauna. Ki buɗe murfin gaba, za ki ga zane mai kala-kala da lamba 1, 2, 3, 4, shi za ki bi, yawanci lufa ta sama ake farawa da ita sai ta ƙasa sai allurar dama sai ta hagu, in naki zanen ya nuna daban to nashi za ki bi. Ta ƙasan ita ce mai wahala, akwai wata 'yar ƙugiya can ɓoye ta hagu da sai kin juya wilin hannu a hankali ta leƙo, ki ɗauki hantsakin da ya zo cikin kwalin ki maƙala zaren, ki sake juyawa ki zura a hancin lufar, ki ja jelar ta bi ta saman lufa ta sama zuwa baya. Rami ɗaya kika tsallake ɗinki ba zai fito ba, don haka kar ki yi gaggawa.

Abin da nake sa duk yarinyar da na koya ma ta yi shi ne ta saka zare kala huɗu daban-daban, ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, ta ɗinka a kan farin ƙyalle. Nan take za ki gane wane zare ke wane aiki. Ki ajiye tenshin duka a tsakiya, 3 zuwa 5 a yawancinsu, tsawon taku kamar 3. In ɗinki ya yi daidai za ki ga zaren lufa biyun sun haɗu a daidai bakin yadi cif. In na saman ya zagayo ta ƙasa to ya yi sako-sako ko kuma na ƙasan ya matse da yawa, in kika buɗe haɗin kika ga zare na murmushi kamar tsani to na allura ne ke son ƙari. Maɓalli ɗaya za ki taɓa, ki ɗinka, ki duba, kar ki murɗa huɗu lokaci guda don ba za ki san wanda ya gyara ba. In kin ƙware ma ba sai kin riƙa kwancewa ba wajen canza kala, ki yanke tsohon zaren daga sama ki ƙulla sabon, ki sassauta tenshin ki jawo a hankali, in ƙullin ya iso hancin allura sai ki yanke ki zura da hannu.

Sai maganar hannun rigar da ya cinye, wallahi na ji maki zafi, biyan kayan mutane ga mai ɗinkin gida ba ƙaramin abu ba ne. Keken nan asalinshi na masana'anta ne, kamfanin Merrow a Amurka ya fara ƙera irinshi tun shekarun 1880, sai a 1968 aka fito da ƙaramin na gida a Japan mai suna Baby Lock, to har yau gudun nan na masana'anta yana jikinshi. Na gida kamar Brother 1034D yana taku 1,300 a minti ɗaya, kin ga kafin ki ɗaga ƙafa daga feda ya wuce inci da yawa, kuma abin da wuƙar ta yanke ya yanku, babu farkewa a sake. Hannun rigar lanƙwashewa ya yi ya shiga ƙarƙashi ba ki gani ba. Don haka hannunki na hagu ya riƙa shafa ƙasan yadin kina jin ko wani abu ya naɗe, idonki kuma a kan wuƙa za ki sa shi ba a kan allura ba, ki ɗan ɗinka ki tsaya ki gyara ki ci gaba. Fil kuwa kar ki kuskura ya kusanci wajen, fil ɗaya ya isa ya fasa bakin wuƙa, gutsuren ma zai iya tsalle ya sami ido. Haka leshi mai duwatsu, sai kin cire duwatsun da ke kan hanyar ɗinkin kaf.

Ki sani kuma ba shi da ribas. In kin kai ƙarshe ki ci gaba da takawa har sarƙar zare ta fito kamar tsawon yatsa, ki yanke, ki ƙulle ta ko ki zura ta cikin ɗinkin da allura mai babban hanci.

Butterfly ɗinki kuma yana nan daram a aikinshi, zif da ɗinkin sama da haɗa wuya duk nashi ne. Atamfa da shadda ki haɗa da shi, sannan ki cire allura ɗaya daga keken wibin ki bi bakin da zare ukku. Gefen riga da siket ni na fi son a yi ma kowane baki wibin ɗinshi daban a bar inci ɗaya a ciki, saboda kin san halin kayanmu, mace ta haihu ta ƙara jiki ko yarinya ta girma kafin wata Sallah a dawo maki da shi a buɗa, in kin haɗe kin datse to babu abin buɗawa. Zare huɗun amfaninshi ya fi fitowa a yadi mai roba, irin na hijabi da kayan yara, shi zai haɗa ya kuma saƙe lokaci ɗaya kuma ɗinkin ya miƙe tare da yadin ba ya tsinkewa. In kin ga bakin hijabin yana yin igiyar ruwa, akwai maɓalli a gefe mai lamba 0.7 zuwa 2, shi ke sa haƙoran gaba su fi na baya sauri ko su rage, ki ɗaga shi zuwa 1.5 ki gwada a ƙyalle. In kuma shifon ne yake tattarewa sai ki sauke ƙasa da 1.

Ga mu cikin hunturu, ƙurar Katsina kuma kin santa, ga ɓurɓushin yadin da wuƙa ke zubarwa ciki. Duk ranar da kika yi aiki ki buɗe ki share da ɗan buroshi, ki ɗiga man keke inda littafin ya nuna, man keke kawai ban da man gyaɗa ban da baƙin mai, sannan ki rufe. Ki tara ƙyallayen da kika saba zubarwa ki yi kwana biyar kina wibin ɗinsu, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa da kwana, kafin kayan kowa su hau. Ki sake rubuto mani in ji yadda kuka ƙare.

TAMBAYA: Salam Anti, yayata ce ta ba ni keken wibin na gwanjo, an ce daga Amurka ya zo, kan wayar ƙafa biyu ne masu faɗi ba ya shiga soket ɗinmu. In sayi adafta in jona?
Ɗalibarki daga Daura

AMSA: A'a ɗiyata, kar ki jona tukun. Ki juya bayan keken ko jikin fedar ki karanta 'yar takardar da ke manne, in kin ga 110V ko 120V to wutar Amurka ce, tamu 230 ce, adafta kuma kan waya kawai take canzawa ba ta rage ƙarfin wuta, kina takawa moto da feda za su ƙone. Ki je wajen masu kayan wuta ki ce a ba ki taransifoma mai sauke wuta daga 220 zuwa 110, ki nuna masu lambar wat da ke jikin takardar su ba ki wadda ta ninka ta. Tun da na hannu ne ki sa mai gyara ya duba wuƙar, ki kuma cire tsohuwar allurar ki tafi da ita kasuwa a ba ki irinta sak, don ba kowane keken wibin ke cin allurar keken gida ba.